Gado Mai Sarewa da Fiyanon Ikko

A Katanga babu wanda bai san Gado ba, don shi ne mutumin da ke tsayawa a bakin fadama da yamma, ya busa sarewa, shanunsa su ɗago kai su nufo gida ba tare da an ɗaga sanda ba. Busar guda ɗaya ce, daga mahaifinsa ya karɓe ta, kuma a gidansu ba a koyar da ita da bayani. Sai dai ka zauna kusa, ka ji, ka kwaikwaya. 'Ya'yansa kuwa ba su zauna ba, duk sun bi motocin albasa daga Aliero.

Gado mutum ne mai taurin kai, na gaya muku gaskiya. Sau uku ana zuwa masa da rikoda daga Jega, yana korar masu ita. Cewarsa busa ba ta maimaita kanta, ta yau daban, ta gobe daban, kaset kuwa gawar busa yake ɗauka. Haka ya yi ta cika baki har fuka ta kama shi, shekara biyu bayan an ba mu jihar Kebbi. Ƙirji ya toshe. Busar da yake kaiwa ƙarshe da numfashi uku ta koma sai ya yanke ta a tsakiya, shanu su tsaya suna kallonsa.

Sai ɗan ƙanwarsa Attahiru, dillalin albasa mai zuwa Ikko, ya dawo da labari.

"Kawu, na ga wani hiyano can. Ba ɗaukar murya shikai ba awa kaset. An koya mai yadda iska ka tahiya cikin kara, shi da kainai ka yin busa, sabuwa kullum."

Gado ya gyara zama. "Ba gawa ba ke nan?"

"Da rai nai, Kawu."

Nan tsoho ya sa rai, ya ce in dai ƙarfe zai riƙe masa iska, shi zai koya masa busar. Amma ina abin yake? Wanda Attahiru ya gani a Ikko ba na sayarwa ba ne. Babu a Sakkwato, babu a Kano. Wani ɗan Maiyama ya rantse ya gan shi a Kaduna, aka je aka tarar da fiyanon biki ne kawai. Shekara huɗu Gado na tambayar kowane direba, matarsa Dije na cewa ko lokacin neman aurenta bai yi wannan naci ba. Attahiru ya sake kawo zancen rikoda, tun da sauran rabin busar a ƙirji. Gado ya ce a bar shi, nasa na hanya.

Fiyanon ya iso kuwa, na hannu, a bayan motar albasa. Aka ajiye shi a wani shago a Jega Sabon Gari, aka ta da janareto, aka ɗauko Gado a kan babur. Ya shafa fararen haƙoran fiyanon, ya danna ɗaya. Shiru. Attahiru ya laluba kwali, ya zaro wata 'yar robar baki mai igiya, ya duba takarda, fuskarsa ta canja.

"Kawu... wai sai an hura mai nan."

"Wa ka hurawa?"

"Mai busar."

Gado ya karɓa, ya sa a baki, ya tattara numfashin da ya rage masa. Sarewa ta fito tsaf, har tsikar jikin mutane ta tashi, ta yi gaɓa biyu, tari ya sare ta. Attahiru ya karɓa ya hura da ƙirjinsa na saurayi, sai wata ƙara mai kama da ta ƙyauren da ya yi tsatsa.

Abin ya ba ni tausayi, amma shi Gado dariya ya yi har da hawaye.

"Ashe masu ƙera shi sun san aiki," in ji shi. "Ban taɓa ganin ƙarhe mai gaskiya irin wanga ba."

Da damina ya rasu. Gaɓa biyun nan Attahiru yake iya rerawa da baki, sauran babu wanda ya san ta.