Burtalin da Na'ura Ta Yanka a Gonata

Shekarar da na yi aure ma'aikatan awon ƙasa suka iso Kalgo da wani ƙarfe mai ƙafa uku da madubi a kansa. Suka girke shi a bakin fadama. Ɗaya ya leƙa ya ɗaga hannu, ɗaya ya kafa turke. Kafin la'asar sun fitar da sabuwar hanyar shanu ta tsakiyar gonar da mahaifina ya bar mini.

Maƙwabcina, wani dattijon Bafulatani mai garke, shi ma bai yi murna ba. Sabon burtalin ya bi ta laka, inda saniya ke nutsewa har gwiwa da damina. Muka ɗaura wa jakuna kaya, muka kama hanyar Gwandu wurin alƙali. Na saba jayayya da mutum, amma ban san ta inda ake kai ƙarar ƙarfe ba.

Alƙali ya sa aka kira malamin awon, ya tambaye shi, "Wa ya yanke iyakar nan?"

"Allah gafarta malam, na'ura ce. Ba ta da dangi, ba ta cin goron kowa."

Maganar tasa kuwa gaskiya ce. Ƙanen mahaifiyata a Kambaza ya rasa gonarsa a hannun mutane masu dangi da goro.

"Na ji," in ji alƙali. "To in ta yi kuskure, wa zan rantsar? Wa zai tsaya gaban Allah?"

Malamin ya ce shi dai abin da ta nuna ya rubuta. Alƙali ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya ce ba shi da ikon tuge turakun, daga sama suka zo, amma zai kai maganar gaba. Mu jira.

Ruwa ya sauka, amsa ba ta zo ba. Dattijon ya same ni a gona ya ce, "Ɗana, yi shukarka. Shanuna tsohuwar hanya suka sani."

Na shuka dawa a duk gonar har jikin turakun, ban taɓa ko ɗaya ba. Ta yi kyau, amma ban ji daɗinta ba. Duk motar da ta tsaya a bakin hanya, sai in aje fartanya in tsaya kallo, ko masu awon ne suka dawo, har ta wuce.