Ba Mai Sauka a Bakin Rafi

Tsakanin ƙauyenmu da titin Ɗambatta akwai wani rafi da ba ya riƙe ruwa sai ranar da aka tafka ruwan sama. Sauran lokaci yashi ne zalla, kuma ta duk ɓangaren da ka fito sai ka hau tudu kafin ka fita daga cikinsa. A shekarun da nake haya da tsohuwar bas ɗita, rafin nan ya zame mini ƙarfen ƙafa. Motar ba ta iya haye shi da lodi. Da mun iso sai in taka birki, fasinja su sauka ba sai na ce uffan ba, maza su tura, mata su tattare zannuwa su shiga yashi. A tasha har tsokanata ake yi, wai motata ce kaɗai mai ba fasinja damar miƙe ƙafa.

Su tsokana su gaji, ban damu ba. Inna ce damuwata.

Ni ne ɗanta na fari, saboda haka tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ba ta haɗa ido da ni a gaban mutane. In tana son aikena sai ta gaya wa ƙanwata, ko da ina tsaye a wurin. Da ciwon gwiwa ya kama ta aka ce ta riƙa zuwa asibiti ana duba ta, kuma motata ce kaɗai ke fita daga ƙauyen da safe. Ba ta yarda ta zauna gidan gaba kusa da ni, can baya take shigewa cikin mata. Da mun iso rafi kuwa ita ce ke fara laluben sandarta.

Wata rana na kasa daurewa. Na ce, "Inna, ki yi zamanki. Nauyinki ba zai hana ta hawa ba."

Ko kallona ba ta yi ba. Ta juya wajen matar da ke gefenta ta ce, "Ji mini direban nan. Iyayen wasu su sauka, ni in zauna a matsayin wa?"

Ta sauka. Na haye tudun da motar, na tsaya ina kallonta ta madubi. Sandar tana nutsewa cikin yashi, ta zare, ta ɗan matsa, ta tsaya ta dafa gwiwa. Ba ta bar kowa ya kama ta ba. Ranar na tsani motar nan kamar in cinna mata wuta. A nan kuma na gane roƙo ba zai yi ba: Inna ba za ta zauna ba sai ranar da ba wanda ya sauka.

Na kai motar wajen wani bakanike a Rijiyar Zaki, cikin Kano, na ce ƙarfi nake so a ƙara mata. Ya sauke injin ya buɗe, ya zura yatsa cikin ramukan da fistin ke hawa da sauka, ya girgiza kai. Ya ce ana iya gurje ramukan a faɗaɗa su a sa manyan fistin, sai dai wanda ya riƙe motar kafin ni ya riga ya taɓa yin haka.

"Malam, bangon da ya rage ba yawa," in ji shi. "In muka sake ci, ƙarfi kam za ka gani. Amma za ta sha mai, za ta riƙa zafi, kuma ranar da ya tsage sai dai 'yan gwangwan. Ka lallaɓa shi a haka, zai daɗe yana yi maka aiki."

Na ce, "Ya daɗe yana zubar mini da mutane a yashi? Gurje shi."

Kafin in dawo gida labari ya riga ni. Baffa, ƙanin mahaifina, ya aika a kira ni. Ya ce motar nan da ita gidan gaba ɗaya ke ci, ina ni ina yanke mata kwana? Ya ce tun zamanin jakuna ake sauka a rafin nan, ba wanda ya mutu. Ya tambaye ni dalili. Da na faɗa, da kafin la'asar ƙauye ya ɗauka wai saboda tsohuwa aka kashe mota, ita kuwa da ta ji haka ba za ta sake shiga ba har abada. Sai na sunkuyar da kai na ce, "Gudu nake so, Baffa."

"Gudu? Da furfura a gemunka?"

Na ce e, da furfurar tawa. Ya yi tsaki ya ce in tashi in ba shi wuri.

Abin haushi, injin da aka gurje ba a matsa masa nan take. Sai an bi shi a hankali, ba lodi mai nauyi, ba taka totur, har sababbin fistin su zauna. Haka na yi ta rarrafe a hanya, masu babur suna wuce ni, har yanzu ina sauke mutane a bakin rafi. 'Yan tasha suka samu abin yi. "Direba, ina ƙarfin? Ko a Kano ka baro shi?" Na haɗiye. Inna ma ta sake taka yashin nan a cikin kwanakin, wannan ya fi komai yi mini ciwo, amma ban yarda na lalata aikin da gaggawa ba.

Ranar da na ji muryar injin ta daidaita, ranar kasuwar Ɗambatta ce. Mota cike, buhunan gyaɗa a sama, Inna a baya. Muna gangarowa rafi mutane suka fara tattara kaya, wani har ya kama marfin ƙofa. Na ɗaga murya na ce, "Ba mai sauka!" Na dawo giya ta biyu na take. Motar ta yi wani gurnani da ban taɓa ji a bakinta ba, ta keta yashin tana watsa shi gefe, ta dafe tudun, ta ɗan yi nishi a tsakiya, ta haye. Maza suka ɗauki kabbara.

Can na jiyo muryar Inna tana ce wa maƙwabciyarta, "Ki gaya wa direban nan ya bi a hankali, ba shanu ya ɗauko ba." Ban waiwaya ba. Da na waiwaya da na ba mu kunya mu duka.

Bakaniken bai yi ƙarya ba. Motar ta sha mai, ta yi ta zafi har ba na rabuwa da jarkar ruwa. Daga baya, cikin bazara, injin ya tsage a hanyar Bagwai, ruwa ya cakuɗe da baƙin mai, aikin haya ya ƙare mini. Baffa ya ce ai an gaya mini. Har yau in ana maganar taurin kai a tasha, ni ake kawowa. Su yi ta kawowa, ban taɓa nadama ba, kuma ban taɓa yi wa kowa bayani ba.

Amma kafin ya tsage ya yi mini aikin da na nema. Inna a asibiti ta cika, ni na ɗauko ta. Aka cire kujerun tsakiya aka shimfiɗe ta, dangi suka cika sauran wurin maƙil, Baffa a gidan gaba. Da muka iso rafi na ga ya kai hannu ga ƙofa, don ya daɗe bai shiga motata ba. Na ce, "Zauna, Baffa." Na dawo giya ta biyu, na bi a hankali yadda ba za ta girgiza ba, muka haye da ita har ƙofar gida.