Mutumin da Yake Gaida Fili

Gara in rubuta da in zauna ina kallon ƙofa.

Muna yara a unguwar Rusaifa, in sanyi ya shigo, kakarmu da muke kira Sitti takan hura gawayi a saman bene bayan Magariba, ta ɗora shayi, mu kewaye ta. Ƙanina Faisal ba ya son labarin dabbobi. Shi dai a ba shi na wani ɗan ƙwallon Japan, gajere, mai buga tsakiya, wanda muke gani a talabijin. Mutumin ba ya yawan cin ƙwallo. Gudu yake yi daga farko har ƙarshe yana raba wa abokansa, kuma kafin ya taka fili sai ya tsaya ya rusuna.

Rusunawar nan ce ta tsaya wa Sitti a rai.

"Ku matso ku ji," in ji ta. "Wa kuka ga yana gaidawa? Ai babu kowa a gabansa. Akwai wani abu kwance ƙarƙashin ciyawar. Ya ce masa, zan ba ka suna, kai kuma duk wasa ka bar mini kaɗan daga jikinka."

A bakinta, abin ya fara da yatsa, ya ci idon sawu, ya hau gwiwa. Mutumin ya ɗaure ƙafar, ya ɓoye wa kocinsa, ya koma fili. Ranar da ya yi ritaya mun gan shi yana ɗingishi, ya daɗe a rusune yana kuka.

"Abin ya ƙoshi," in ji Sitti.

Faisal ya miƙe ya kwaikwayi rusunawar, muna dariya. Ta fizgo shi. "Ya waladi, ɗana, kada in ƙara gani."

Sitti ta rasu. Faisal ya girma yana buga tsakiya. Makon jiya ya yanke jiki ya faɗi a wani fili a Kudai. A mustashfa, wato asibiti, likita ya ce zuciyarsa ce, in ya sake gudu irin wannan ba lallai ya tashi ba. Ashe ya daɗe yana jin ciwon ƙirji bai faɗa wa kowa ba.

Da ina tsammanin tsoratar da mu kawai Sitti take yi. Yanzu na gane ta ga yadda yaron yake kallon mutumin nan, ita ce ta fara jin tsoro.

Ɗazu bayan La'asar Faisal ya ce mini, "Yaya, kallon wasa kawai zan je."

Na duba bayan ƙofa. Takalman ƙwallonsa ba sa nan. Na kira wayarsa, tana ta ringin a kan katifarsa.