Matar Direba da Kai Mai Ruwan Albasa

Da hantsi Direba ya dawo daga garejin abokansa, inda yake zaman hira tun da ya ajiye tuƙin bas. Ya yi sallama, ya ɗaga labulen falo, sai ya ja ya tsaya. Matarsa ce zaune a kujerarta ta kullum tana sa zare a allura, amma gashin kanta, wanda ya bari fari fat da safe, ya koma shunayya kamar ɓawon albasa.

Abin da ya fara faɗo masa shi ne maganin nan mai shunayya da ake shafa wa miki.

"Subhanallahi! Faɗuwa kika yi? Ina ciwon?"

"Wane ciwo kuma, maigida? Rini ne. Shagon gyaran gashi na je."

"Kuskure suka yi ke nan."

"Ni na zaɓa da kaina," ta ce, ta ciji zaren.

Ya zauna a hannun kujera. Ita dai wannan matar kowa a layin ya san ta da Anti Wanki, saboda tun ƙuruciya a ɗakin wanki na asibiti ta yi aiki har ta yi ritaya. Farar riga, farar hula, fararen zannuwan gado tuli guda, ga warin bilic da ya tsattsage mata hannuwa. Ba ta da hayaniya. Ta raini 'ya'yansu, ta aurar da su, ba a taɓa jin kanta da maƙwabta ba. Ko a hoton taro sai ka nemo ta can baya, rabin fuska a bayan kafaɗar wani.

To me ya same ta yanzu, bayan ta haura sittin?

Ya fita tsakar gida ya kira babbar 'yarsu a waya, yana magana ƙasa-ƙasa.

"Ki zo ki ga uwarki. Ban gane mata ba."

Kafin la'asar 'yar ta iso a rikice, ko jakar aiki ba ta ajiye a gida ba. Da ta ga kan, sai ta dafe ƙirji.

"Mama! Me mutane za su ce?"

"Su ce abin da suka ga dama. Tun ina yarinya nake jiran jin abin da za su ce, har yau ba su gama ba."

'Yar ta yi mata tambayoyi irin na likita: tana barci sosai? Ta tuna ranar yau? Anti Wanki ta amsa duka daidai, har ta tuna mata da kwanon da ta ara tun bara. 'Yar ta fashe da dariya, ta matso ta taɓa gashin, ta ce wallahi ya ma yi mata kyau. Direba ya ga wadda ya kira ta taya shi ta koma ɗaya ɓangaren.

Kwanaki ya yi yana juya abin. Ko wani laifi ya yi mata? Ko ƙawaye ta yi sababbi? Abinci dai bai canja ba, gaisuwa ba ta canja ba. Sai dai ta sayo jan tabarau da takalmi kore, kuma in za ta fita ta daina jawo ɗankwali har goshi. Tana barin gaban gashin a waje. A gareji, bakanike ya tambaye shi ko sabuwar amarya ya yi a ɓoye. Ya yi yaƙe kawai.

Wata safiya suna shan shayi ya kasa daurewa.

"Ni fa na ɗauka ba kya son kala mai ihu. Duk yadin da na taɓa sayo miki ruwan toka ne ko ruwan ƙasa, kuma kina godiya."

"Kyauta ce, ba zan gode ba?"

"Wato ba kya so?"

"Ban taɓa so ba."

Ya ajiye kofin. "Duk shekarun nan? Me ya hana ki faɗa?"

"Ka taɓa tambaya?" Ba da faɗa ta ce ba, har da murmushi. "A wurin aiki an ce fari, na sa fari. Ina amarya an ce kar in yi rawar kai. Da na haihu an ce ai na zama uwa. Sai ga kaina ma ya yi fari ba da shawarata ba. Na duba madubi na ce, to, wannan dai nawa ne."

Ya ji maganar, amma ba ta zauna masa ba. Shi da yake gane ciwon mota daga ƙararta, ashe bai san launin da matarsa take so ba.

Ranar da suka je awon hawan jini a tsohon wurin aikinta, ya so su zauna a lungu. Ta zauna a benci na gaba. Tsofaffin abokan aikinta suka fito suna shewa, masu jiran layi suna satar kallo, shi kuwa ya dunƙule yana kallon takalminsa. Can wata dattijuwa mai sanda ta matso kusa.

"'Yar'uwa, don Allah a ina aka yi miki?"

Kafin Anti Wanki ta buɗe baki, Direba ya ji muryarsa tana cewa, "In kin wuce gidan mai, kwana ta biyu a hagu, kusa da mai gyaran waya. Kar ki bi ta kasuwa, akwai cunkoso."

Matarsa ta juyo ta dube shi ta saman jan tabarau. Shi ma mamakin kansa yake yi.

A hanyar gida ya ce, "In wannan ya koɗe, shi ke nan ko?"

"Mai shagon ta nuna mini wani shuɗi."

Sai ya riƙe mata jaka suka tsallaka titi.