Chilekwa Mai Ƙahon Sahu Na Uku

Kowace safiya, kafin motar mahaƙan tagulla ta wuce, Baba Chilekwa Kapembwa yana zaune a ƙofar gidansa a Mufulira, yana goge yufoniyam ɗinsa, wannan ƙaton ƙahon da ake rungumewa kamar jariri. Shekara arba'in da ɗaya yana busa shi a badujalar unguwarmu, a sahu na uku, inda mai hoto ba ya leƙawa.

Bigila ake tafa wa, don ita ce mai ƙara. Amma duk wanda ya taɓa yin maci ya san muryar nan mai kauri da ke bi ta ƙasa, tana amsa wa bigila, tana daidaita sawun mutane. Akwai tsofaffin kiɗe-kiɗen maci da mahaƙan dā suka tsara, ba a rubuta ko ɗaya ba. A kansa kaɗai suka rage.

Ranar jana'izar mutum shida da rami ya rufta da su, mai bigila ya fashe da kuka a tsakiyar hanya, kiɗa ya watse. Chilekwa ya ɗauki kiɗan shi kaɗai har makabarta. Mama Chisala, matar ɗaya daga cikin mamatan, ta ce da ba don wannan busar ba, da ƙafarta ba ta kai ta ba.

To, wannan mutumin aka yi wa bikin sallama ranar Asabar. Sabon shugaban kwamitin badujalar ya karanta sunansa a karkace, ya kira ƙahon "bututun tsoho", sannan ya sanar an soke tsofaffin kiɗe-kiɗen, wai matasa ba sa so. Wane matashi shugaban ya tambaya?

Chilekwa ya miƙe a hankali. "Ranka ya daɗe, sunana dai ɓata shi yadda ka ga dama, jikokina za su gyara. Kiɗe-kiɗen nan fa ba su da kowa sai ni."

Shugaba ya duba agogo, ya ce a kawo abinci. Mu kuma muka ci, kunya ba ta hana mu ba.

Kai ne, Baba, ka riƙe mana abin da muka yi sakaci da shi. Mun gode, kuma ka yafe mana shirunmu.

Yanzu yana koyarwa a ƙofar gida duk Lahadi bayan coci. Wani kafinta da malaman jinya biyu sun riga sun fara. Duk mai leɓe da numfashi ya je, kada ya tsaya jira. Likita ya ce huhunsa shekara biyu zai ƙara kai shi a busa. Shi kuwa ya ce uku zai yi, don haushin kwamiti.