Ranar da Aka Yi Gwanjon Janar

Shekarun baya, ina aji biyar a firamare, ina da wani jan zakara da babu irinsa a duk faɗin Wudil. Baba ne ya sa masa suna Janar, wai sojoji sun koma bariki tuni amma shi labarin bai iso masa ba. Akuyar maƙwabta ma sai ta nemi izini kafin ta gitta ta ƙofarmu.

Mu 'yan Gombe ne, aikin jami'a ya kawo mahaifina garin. A shekarar ya kama hayar fadama a wajen Indabo, ya zuba duk ƙarfinsa a shinkafa. Saura ƙiris a yanke, ruwa ya yi ambaliya ya shafe ta tas. Da muka je dubawa, kwaɗi ne suka yi mana maraba. Wani ɗan takarar kansila ma ya zo, ya riƙe haɓa aka ɗauke shi hoto, ya tafi.

Maƙwabtanmu Musulmi suka yi ta shigowa jaje, "Allah ya mayar da alheri," wata har da kwanon gero. Sai ga matar wani dattijon cocinmu. Ta zauna a kujerarmu mai kyau, ta sha zoɓonmu, sannan ta dubi mahaifiyata.

"Maman yara, ya haƙuri? Amma bari in faɗa miki gaskiya, ruwa ba ya cin gonar mai bangaskiya haka kawai. Ku binciki kanku."

Jama'a, gonar mijinta a kan tudu take! Ko Shaiɗan ne ya noma ta, ruwa ba zai hau can ba. Na buɗe baki zan faɗa, Mama ta aiko mini da kallon nan mai busar da yawu.

Ana haka Lahadin godiyar kaka ta matso. A cocinmu gida-gida ake kira, ku taso da rawa har gaban bagadi ɗauke da abin da kuka noma, bayan sujada kuma a yi gwanjon kayan don aikin ikilisiya. Na kawo shawara mai kyau: dukanmu mu kamu da zazzaɓi ranar. Har na fara gwada rawar sanyi.

Mama ta ce, "Za mu je, kuma za mu yi rawa."

"Mama, godiyar me? Ta kwaɗi?"

"Ke! In sai Allah ya cika mini rumbu zan gode masa, ai ciniki muke yi da shi ke nan. Ni ba kasuwar Juma'a na ɗauke shi ba."

"To me za mu kai?"

Janar ne ya zaɓi wannan lokacin ya haye turmi ya yi cara. Duk gidan aka juya aka dube shi.

Da Mama ta ƙwace shi, da na samu abin yin kuka. Amma cewa ta yi, "Naki ne, ba zan taɓa shi ba." Wannan ai ya fi duka ciwo. Ranar Lahadi da hannuna na ɗaure masa ƙafa, sai dai ina da dabara. Kafin a shiga sujada na bi yara ɗaya bayan ɗaya, na ce su gaya wa iyayensu zakaran nan murar kaji gare shi, ko la'asar ba zai kai ba. In ba mai saye, ai dole a mayar mini da abina.

Aka kira gidanmu. Waɗanda suka riga mu sun jibge buhunan masara da dawa, mu kuwa mutum shida ne a bayan zakara ɗaya. Na so ƙasa ta tsage in shige. Amma Mama ta gyara ɗaurin zaninta na ƙungiyar zumuntar matan coci, ta shiga rawa kamar ita ta noma rabin Kano. Masu kiɗan tulu suka ƙara wuta. Ina kusa da ita, na ga hawaye na bin kumatunta, ƙafarta kuwa ba ta ɓata kiɗa ko sau ɗaya ba.

Lokacin gwanjo mai shela ya ɗaga Janar, wuri ya yi tsit. Dabarata ta ci! Sai maras mutuncin nan ya kaɗa fukafukai, ya tsala carar da na tabbata an ji ta a Lajawa, ya kai wa mai shela sara a hannu. Coci ya ɓarke da dariya, hannuwa suka tashi. Wa kuke tsammani ya saye shi? Matar dattijo!

Da yamma ta aiko mana da farfesu a ɗan kwano: wuya da ƙafa ɗaya. Mama ta karɓa hannu biyu, ta ce a gaishe ta. Na rantse ba zan taɓa ba. Daga baya na ci, ina kuka. Abin haushin, ya yi daɗi.

Ba wata mu'ujiza da ta biyo baya. Tuwon masara muka yi ta ci har wata damina. Maganar matar nan kuwa har yau in na tuna sai raina ya tafasa. Mama ta yafe tun a ranar, ni ina kan hanya. Amma duk lokacin da abu ya rushe mini, na ji bakina ya yi nauyin addu'a, matar da ke rawa tana hawaye a bayan zakara ɗaya nake gani. Sai in tashi in wanke fuska, in ce, "To, Ubangiji, ga ni. Raina a ɓace yake, amma na zo."