Bunsurun da Inna Ta Hana Wuƙa

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar mahaifiyata, Inna Ige ta Ƙofar Dundaye. Ba ta yi boko ba, ba ta tara gidaje ba. Awaki take kiwo, jajayen nan na Sakkwato da majema ke rububin fatarsu saboda laushi da ƙarko. Amma ita ba kowace ja take kira ja ba. Takan buɗe gashin akuya da yatsa ta duba har gindinsa, in ta ga fari ko sili ɗaya ne, to wannan ta kasuwa ce.

Unguwa ta yi mata shaidar rowa, mu 'ya'yanta ma mun yarda. Kowa in hidima ta taso, mafi kyawun dabbarsa yake kamawa ya yanka, a bar ragowar su hayayyafa. Inna kuwa ragowar take yankawa. Ba ta kuma barin nata su bi shara su haɗu da dogayen awakin da ake kawowa daga arewa. A bikin ƙanwata, kawunmu ya nuna babban bunsurunta ya ce a kama, ta tsaya a bakin turke ta ce, "Wanga ba na wuƙa ba na. Shi ka ba ni tagwaye, shi ka ba ni fata." Ranar na ji kunya ƙwarai.

Da ta rasu, ni ne babban namiji, hidimar sadakar uku a kaina ta faɗo. Na je turke na zaɓi babban bunsurun da ke nan, jikan wancan. Wallahi girmamawa nake nufi. Cewa na yi mace irin Inna ba a yi mata sadaka da abin kunya. Ba wanda ya hana ni, yabo ma na sha. Sai da na kai fatar wa Bawa majemi, wanda ya tsufa yana sayen fatunta, ya shimfiɗa ta ya shafa, ya ɗago ya ce, "Akwai wani namijin irinsa a turken?" Na ce babu. Ya naɗe fatar ya ajiye gefe.

Matan awakin aka raba wa ƙannena uku, kowace ta saki nata a unguwarta, suka bi duk bunsurun da suka tarar.

Yanzu ɗiyata Rukayya tana karatun kiwon dabbobi a jami'a. Kwanaki take gaya mini labarin wasu awaki na tsaunukan ƙasashen sanyi, masu lallausan gashin da ake saƙa tufa mai tsada da shi. Ta ce masana sun bi jininsu suna gano abin da ke sa laushin gashin, da abin da ke sa su jure ƙarancin iska a can sama, kuma duk gado ne, in aka cakuɗa iri barkatai sai ya salwanta. Ita tana son ta bincika na jar akuya: fatar, haihuwar tagwaye, jure zafinmu. Abin da take buƙata jinin irin awakin kakarta ne.

Muka tashi daga Arkilla a keke, muka bi gidajen ƙannena ɗaya bayan ɗaya, har Gidan Dahala. Awaki kam ga su nan, dabbare-dabbare, masu doguwar ƙafa da farin gashi a ciki. Rukayya ta koma da kwalabenta na ɗibar jini yadda ta zo da su.

Nakan tambayi kaina me Inna za ta ce da ta ga jami'a na neman abin da aka zage ta a kansa. Ba na zaton za ta yi murna. Na san halinta, tambaya za ta yi wa ya bar ƙofa a buɗe. Tarbiyyarta tana nan, addu'armu ba ta yanke ba, amma aikin da ta kashe rayuwarta a kai kwana uku ya yi bayanta.

A hanyar komawa Rukayya ta ce, "Baba, wai wa ya yanka bunsurun Inna na ƙarshe?" Na ce an daɗe, ban tuna ba. Ƙarya na yi miki, Rukayya. Ni na sa aka yanka shi, kuma ni na riƙe masa ƙafafu.